Sauya Batirin Inbata da na Sola a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, gidaje da shaguna masu yawa a ƙauyukan Kano da Jigawa sun jingine janareta sun rungumi sola da inbata, har a garuruwan da layin KEDCO ya ratsa, balle ƙauyukan da ba a taɓa kafa musu turken wuta ba. Baturan da aka saya a wancan lokaci su ne yanzu suka fara gazawa, shi ya sa tambayoyi iri ɗaya suke ta maimaituwa a bakin magidanta da masu shagon cajin waya da 'yan kwamitin masallaci. Na tattara waɗanda na fi ji a wajen aikin haɗa sola, na amsa su gwargwadon abin da sana'ar ta tabbatar.

Ta yaya zan tabbatar batirin ne ya mutu, ba wata matsala ce daban ba?

Alamar da kowa ya sani ita ce, inbatar da a da take kai gida har kiran assalatu yanzu tana fara kuka tun kafin a rufe ƙofar zaure. Wannan alama ce ta gaske, amma ba ta isa hujjar fitar da kuɗi ba, domin batirin da bai samu caji ba da wanda ya mutu, duk kuka ɗaya suke sa inbata ta yi. Hanyar rarrabewa ita ce a yi wa batirin caji har ya cika, ko da sai an kai shi wurin mai caji a cikin gari, sannan a cire masa kowace waya a bar shi ya huta kamar awa huɗu zuwa shida kafin a ɗora masa mitar gwaji. Batir mai bolt 12 da yake da lafiya zai nuna tsakanin 12.6 da 12.8. Idan ya nuna wajen 12.1, rabin caji ne kawai a cikinsa. Idan kuwa bayan cikakken caji ya tsaya a wajen 10.5, to ɗaya daga cikin ɗakuna shida da aka kasa cikin batirin ya mutu, tunda kowane ɗaki kimanin bolt 2.1 yake bayarwa, kuma wannan ba shi da gyara.

Sai dai mita takan ruɗi mutum idan ba a ɗora wa batirin kaya ba. Tsohon batir yakan nuna 12.7 kamar sabo, amma da zarar an kunna fanka biyu sai lambar ta gangaro ƙasa da 11 cikin 'yan mintoci. Haka nan batirin da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin farantan sola da batir, take nuna ya cika tun da hantsi, kuma ya ƙare kafin lisha, ya zama kamar randar da laka ta cinye rabinta, guga biyu ke cika ta, moɗa kaɗan ke ƙarar da ita. Idan kuma jikinsa ya kumbura, ko yana ɗaukar zafi sosai lokacin caji, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, a kashe komai nan take, wannan ya wuce batun gwaji.

Na taɓa zuwa wani gida a ƙasar Ringim a cikin hunturu, maigidan ya riga ya sayar da tunkiya ya ware kuɗin sabon batir. Da na hau kwano sai na tarar ƙurar hazo ta yi wa farantan sola bargo, tantabaru sun ƙara nasu a kai, ga reshen darbejiya da ya girma yana jefa inuwa tun daga azahar. Na sauko na ce masa, "Baba, batirinka bai mutu ba, yunwa yake ji." Ya ce, "To ɗana, me ake ba shi?" Tsumma da bokitin ruwa da adda suka yi aikin, kuma batirin ya ƙara shekara guda yana aiki.

Shekara nawa ya kamata batir ya yi kafin a sauya shi?

Batirin tubula, wato dogon nan da ake ƙara wa ruwa, idan aka kula da shi yakan yi shekara uku zuwa biyar. Rufaffen batir, wanda ake kira jel, a ƙasarmu sau da yawa ba ya wuce biyu zuwa uku. Na litiyam kuwa masu ƙera shi suna lissafa masa caji da sauka sau dubbai, wanda kan iya kaiwa shekara goma idan na kirki ne.

Abin da ake mantawa shi ne, shekarun da kamfani yake rubutawa a takarda an auna su ne a yanayin digiri 25 na ma'aunin Selsiyus, kuma ƙa'idar da aka sani game da batirin dalma, irin su tubula da jel, ita ce duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan haka yana raba tsawon ransa gida biyu. Wanda ya san yadda ɗakin kwano yake a Haɗeja ko Gumel a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a inuwa, ba zai yi mamakin batirin da aka ce zai yi shekara shida ya gaza a ta uku ba.

Me ya sa ake cewa a binciko abin da ya kashe tsohon kafin a sayi sabo?

Domin mafi yawan baturan da muke cirewa ba tsufa ne ya kashe su ba, kuma abin da ya kashe na farko yana nan a gidan yana jiran na biyu. A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi sauran muhimmanci.

A cikin batirin dalma akwai faranta na dalma da ke jiƙe a ruwan asid, fasahar da wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro tun 1859 kuma ainihinta bai sauya ba har yau. Duk lokacin da batir yake ba da wuta, wani farin gishiri yana taruwa a jikin farantan, idan aka yi caji sai ya narke ya koma cikin ruwan. Idan aka mayar da cajin da wuri babu laifi. Amma idan batir ya kwana biyu ko uku bai cika ba, ko ya shafe makonni yana yawo tsakanin rabi da ƙasa, gishirin yakan daskare ya yi tauri, daga nan caji ba ya narkar da shi, kuma wurin da ya rufe ya tafi ke nan. Wannan shi ne ciwon da ya fi kashe batura a ƙauye, inda za ka ga an sayi batir mai lamba 200Ah, lambar da ke nuna yawan cajin da yake ɗauka, an haɗa shi da faranti ɗaya ƙarami, yana ci da dare fiye da abin da rana take mayar masa, musamman a watan Agusta da hadari ke rufe sama da kuma cikin hazon hunturu.

Na biyu shi ne tatsar batir har ƙarshe kullum. Inbata da yawa ba sa yanke wuta sai batir ya sauka wajen bolt 10.5, mutane kuma suna ɗauka kukan inbata shi ne iyakar da aka halatta musu, alhali batirin dalma yana son a tsaya a rabinsa. Na uku shi ne barin ruwan tubula ya ƙafe har kan farantan ya fito iska ta buge shi. Akwai kuma na huɗu da ba a cika lura da shi ba, wato kwantirola mai arha ko caja da ta lalace tana dafa batir da cajin da ya wuce kima, wanda alamarsa ita ce ruwa yana ƙarewa da sauri ko rufaffen batir ya kumbura. Kafin a biya kuɗin sabo, a sa mai gyara ya auna abin da ke shiga batir da tsakar rana. Batir mai bolt 12 ya kamata ya hau wajen 14.4 yayin da yake cika, sannan ya sauko ya zauna tsakanin 13.5 da 13.8.

Baturana biyu ne, ɗaya ne kawai ya gaza. Zan iya sauya shi kaɗai?

Ana iya yi, amma asara ce. Inbata mai bolt 24 tana buƙatar batir biyu a jere, mai bolt 48 kuma huɗu, kuma wuta ɗaya ce take ratsa su duka. Duk manomin da ya taɓa haɗa tsohon sa da matashi a karkiya ɗaya ya san cewa garma ba ta tafiya da saurin mai ƙarfin, kuma kafin damina ta ƙare shi ma ya jigata. Tsohon batir yana rigan sabo cika yana kuma rigan sa ƙarewa, sai inbata ta yanke wuta alhali sabon yana da saura, wajen caji kuma ɗaya ya sha fiye da kima ɗaya ya kasa ƙoshi. Idan baturan ba su wuce 'yan watanni da saye ba kuma ɗaya ya zo da aibi daga kamfani, a mayar da shi a karɓo irinsa sak. Idan sun haura shekara, a sauya su tare, iri ɗaya, girma ɗaya, kamfani ɗaya. Wanda ya rage da ɗan ƙarfi ba a yar da shi, ya isa ya riƙe ƙwayayen wuta da fankar sola shi kaɗai a zaure ko a shago.

Wane iri ya fi dacewa da ƙauye: tubula, jel ko litiyam?

Tubula shi ne dogon batir mai murafai shida a kansa, wanda ake ƙara wa ruwa, kuma akasarinsa daga Indiya ake shigo da shi. Ya fi jel jure zafi da wahala, ga shi kuma ana iya duba kowane ɗaki nasa a san halin da yake ciki. Sharaɗinsa shi ne a samu wani a gidan da ba zai manta da ruwansa ba, da kuma wuri mai iska. Jel ba ya neman ruwa kuma ba ya zuba, amma idan zafi ko cajin da ya wuce kima ya busar da shi babu hanyar mayarwa. A ɗakin kwano ba na ba da shawararsa.

Litiyam da ake sawa a gida shi ne wanda aka rubuta wa LiFePO4 a jiki, kuma ya fi nau'in da ke cikin wayar hannu aminci daga kama wuta. Kowane ɗaki nasa bolt 3.2 ne, shi ya sa ake ganin 12.8 ko 25.6 ko 51.2 a jikinsa. Ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na cajinsa kullum, kuma rashin cika ba ya yi masa illar da yake yi wa na dalma, wanda wannan babban abu ne ga gidan da ranar Allah kaɗai yake dogaro da ita. Litiyam mai 100Ah yana ba da wuta kusan daidai da na dalma mai 200Ah, ga shi yaro ma zai iya ɗaga shi. Kuɗinsa na farko ne mai nauyi, kuma kasuwarsa ta cika da haɗe-haɗen da ba a san cikinsu ba. Wanda yake da hali, kuma ya samu amintaccen dila mai garanti a rubuce, litiyam ya fi masa arha idan aka lissafa shekaru. Wanda ba shi da hali, tubula ɗaya na gaske ya fi masa litiyam na bogi.

Batirin mota ko na tirela fa, tunda ya fi sauƙin kuɗi?

An ƙera shi ne da faranta sirara domin ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙoƙi ya tayar da inji, nan take kuma mota ta mayar masa. Idan aka sa shi aikin kwana yana jan fanka, cikin 'yan watanni farantan suke zubewa. A matsayin rufin asiri na mako biyu kafin a haɗa kuɗi babu laifi, amma ba abin saye ba ne domin inbata.

Yaya ake lissafin girman batirin da gida yake buƙata?

Ana ninka bolt da lambar Ah. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda. Tunda na dalma ne rabi za a ci, saura 1,200, inbata kuma tana cinye wajen kashi 15 cikin ɗari wurin juya wutar, abin da ya isa ga kayan gida bai fi 1,000 da 'yan kai ba. Yanzu a ɗauki gida mai fankar sama biyu, kowace wat 70, da ƙwan wuta biyar masu wat 10, da talabijin da dikoda da suke cin wajen wat 60. Jimla wat 250 ke nan, wato batir ɗaya zai riƙe su awa huɗu, biyu kuma awa takwas. Wanda yake so ya kwana da fanka daga lisha zuwa asuba a kan batir ɗaya, ko dai ya rage kaya ko ya yarda cewa yana cin ran batirinsa ne.

A nan ne nake gaya wa mutane cewa sau da yawa sauya fanka ya fi ƙara batir riba. Fankar sola da ke aiki kai tsaye da wutar batir ba ta cin ko rabin abin da fankar sama take ci. Dutsen guga da hitar ruwa kuwa, kowannensu yana jan wat 1,000 ko fiye, ba su da gurbi a kan ƙaramar inbata. Firiza kuma, wadda ta zama hanyar neman kuɗin mata da yawa masu ƙanƙara da zoɓo, a kunna ta da rana lokacin da farantai suke bayarwa, a kashe ta kafin la'asar sakaliya.

Zan iya sayen wanda ya fi tsohon girma?

Za ka iya, muddin akwai abin da zai cika shi. Batirin dalma yana son cajin da ya kai kimanin kashi ɗaya cikin goma na lambarsa, wato amfiya 20 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya) ga mai 200Ah. A ɓangaren sola kuma, mayar da rabin irin wannan batir yana neman farantai da suka kai wat 400 ko kusa, a rana mai kyau ta awa biyar, ba tare da an lissafa abin da gida yake ci da rana ba. Babban batir a kan ƙaramin faranti ya fi ƙaramin batir saurin mutuwa.

Idan na koma litiyam, tsohuwar inbatata za ta yi aiki da shi?

Ya danganta da ko tana ba da damar sauya saiti. Litiyam mai bolt 12.8 yana son caji tsakanin 14.2 da 14.6, kuma ba ya son cajin nan mai hawa sama da 15 da wasu inbatoci da kwantiroloci suke yi lokaci lokaci domin daidaita ɗakunan tubula, don haka dole a kashe shi. A cikin kowane litiyam akwai wani allon tsaro da ake kira BMS, wanda yake yanke wuta idan caji ko jan wuta ya wuce iyaka, kuma yana da adadin amfiyar da aka rubuta masa. Inbata mai wat 1,000 a kan bolt 12 tana iya jan kusan amfiya 100, saboda haka batirin da allonsa ya tsaya a 50 zai riƙa ɗaukewa duk lokacin da firiza ta tashi. Ba a kuma haɗa litiyam da na dalma a layi ɗaya.

Me zan duba a kasuwa don kada a sayar mini da tsoho ko na bogi?

Ko a Sabon Gari ta Kano za a saya ko a shagon Dutse, a tafi da mita ko da wanda ya iya ta. Sabon batirin dalma da ya nuna ƙasa da 12.4 ya daɗe a ajiye, kuma batir yana zubar da cajinsa a hankali ko ba a taɓa shi ba, zafin sito kuma yana ƙara masa sauri. A nemi ranar ƙira da aka buga a jikinsa, wanda ya wuce wata shida ba a yi masa caji ba a bar shi. A dubi kawunansa ko akwai sawun sifana, domin ana wanke tsoho a liƙa masa sabuwar takarda.

Nauyi shi ne shaidar da ta fi wuyar ƙaryatawa, tunda dalma ce take riƙe wuta kuma dalma nauyi gare ta. Batirin dalma mai 200Ah na gaske yana kusantar kilo 60 ko ya wuce. Idan mutum ɗaya ya sunkuce shi ba tare da nishi ba, lambar da ke jikinsa ba gaskiya ba ce, kuma sikelin masu sayen riɗi ya isa ya raba gardama. Baturan hannu da ake cewa an ciro daga ƙarfen sabis, wasu suna da sauran ƙarfi, amma babu mai iya gaya maka shekarun da suka yi, ga kuma haɗarin sayen kayan sata. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar batirin da tsawon garanti, a kuma tambayi dila a gaban shaida: "Alhaji, idan ya ba da matsala, nan zan kawo ko ina?" Wajen kai shi gida, tubula a tsaye ake ɗaukarsa, a ɗaure shi da kyau a mota ko a Keke Napep. Kwantar da shi a bayan babur a kan hanyar burji yana zubar da asid, ya ci tufafi ya ƙona fata.

Yaya ake cire tsohon a ɗaura sabon?

Wanda bai taɓa yi ba ya kira mai sana'ar, ya tsaya ya kalla. Bolt 12 ba ya jan mutum, amma batir mai 200Ah yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci guda idan ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu, kuma hakan ya isa ya narkar da sifana ko ya mayar da zoben azurfa garwashi a yatsa. Saboda haka a fara cire zobe da agogo, a naɗe jikin sifana da baƙin salatif, a kori yara, sannan a ɗauki hoton yadda wayoyin suke da wayar hannu kafin a taɓa komai.

Ana kashe kayan gida, a kashe inbata, a raba ta da wutar NEPA ko janareta. Idan akwai sola, farantai ake fara cirewa daga kwantirola kafin batir, domin kwantirolar da aka bari da wutar rana babu batir tana iya ƙonewa. Inda babu bireka a lulluɓe farantan da bargo, ko a bari sai bayan magariba. Daga nan a kwance baƙar waya mai alamar ɗebewa, sannan ja mai alamar tarawa, sannan guntuwar da ta haɗa batir da batir. A goge bakin wayoyin har ƙarfen ya yi haske, wadda ta ci ko ta ƙone a sauya ta, kuma kada a yi rowar kauri, domin siririyar waya tana zafi tana cinye wuta.

Wajen mayarwa ana bin akasin haka. A auna sababbin baturan a tabbatar cajinsu ya yi kusa da juna, a haɗa tsakaninsu, a ɗaura ja, a ƙare da baƙa. Kafin waya ta ƙarshe ta taɓa, a sake duba alamomin sau biyu, domin juya ja da baƙa yana ƙona inbata cikin ƙiftawar ido kuma garanti ba ya ɗaukar wannan. Kwantirola batir take fara gani domin ta gane ko bolt 12 ne ko 24, sai a mayar da farantai daga baya. A ɗaure noti da kyau ba tare da an murɗe kan batirin ba, a shafa ɗan basilin, a gyara saiti ya dace da nau'in sabon batir, a bar shi ya cika sosai kafin daren farko. Idan babu fis ko birekar batir tsakaninsa da inbata, wannan ce ranar sa ta. A ƙarshe a rubuta kwanan wata a jikinsa da maka.

Na ga tartsatsi lokacin da aka ɗaura waya ta ƙarshe. Wani abu ya lalace ne?

Ɗan tartsatsi sau ɗaya ba matsala ba ne, wasu ma'ajiyan wuta ne a cikin inbata suke cika a lokaci guda. Masu sana'a sukan guje masa ta hanyar ratsa wutar ta cikin ƙwan fitilar mota na 'yan daƙiƙoƙi kafin su ɗaura wayar. Tartsatsi mai ƙarfi da hayaƙi ko ƙauri kuwa alamar an juya waya ne, a janye nan da nan.

Wane ruwa ake ƙara wa tubula?

A nan kalma ɗaya take jawo ɓarna. Idan ka ce "ruwan batir" a shago, wani zai miƙo maka asid, wani kuma tataccen ruwa da aka samar ta hanyar turara shi, wanda babu gishiri ko ƙarfe a cikinsa. Na biyun ake nufi. Abin da yake ƙafewa a batir ruwa ne zalla, asid ɗin yana nan, ƙara masa wani asid kuwa yana cinye farantan. Ruwan rijiya da na burtsatse da fiyawata da ruwan saman da ya bi ta kan kwano duk suna ɗauke da ma'adinan da ke gurɓata batir a hankali. A lokacin bazara a duba duk wata, sauran lokuta duk wata biyu, a cika zuwa alamar da ke kan murfi bayan batir ya yi caji, kada ya tumbatsa. Farin gari ko kore da yake taruwa a kawunan batir, ruwan kanwa yana wanke shi, sai dai a kiyaye kada ko ɗigo ya shiga ciki. Idan asid ya fallatsa a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti.

Ina ya fi dacewa a ajiye sabon batir?

Wuri mafi sanyi a gidan da iska take ratsawa. Tsohon soron ƙasa mai rufin azara ya fi ɗakin kwano dacewa nesa ba kusa ba, muddin ba ya yoyo kuma yana da taga. Batirin dalma yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda take kama wuta idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki, don haka ba a rufe shi a akwati marar ƙofa, ba a kwana da tubula a ƙuryar ɗaki, ba a kuma kusanto shi da murhu ko aci-balbal ko maganin sauro na kunnawa. Maganar cewa siminti yana tsotse cajin batir ba ta shafi baturan yanzu masu jikin roba ba. Ana ɗora shi a kan katako ne domin ruwan damina da na wanke ɗaki.

Ƙaramar UPS ta kwamfuta da fanka mai caji fa?

Su ma batirinsu yana sauyuwa, kuma ba a yar da na'ura saboda shi. Yawancin ƙananan UPS suna ɗauke da rufaffen batir mai bolt 12 da 7Ah ko 9Ah, fankoki kuma sau da yawa mai bolt 6 da 4.5Ah ko mai bolt 12. A zare na'urar daga soket, a kashe ta, a ciro tsohon a tafi da shi kasuwa domin a dace da girmansa da faɗin ƙafafunsa, waɗanda suke zuwa iri biyu. Kada a taɓa allon da ke cikin UPS, yana riƙe wuta ko bayan an zare ta. Sabon ya samu cajin awa takwas kafin a dogara da shi. Haɗa ƙaramar UPS da babban batir domin ta zama inbata dabara ce da ake yi, amma an ƙera ta ne don aikin 'yan mintoci, cajarta ba za ta cika shi ba, ita kuma zafi zai gama da ita.

Gaskiya ne ana farfaɗo da mataccen batir?

Batirin da ya daɗe a ƙasa amma farantansa ba su zube ba, caji a hankali na kwana ɗaya ko biyu yakan dawo da wani abu daga ƙarfinsa. Zubar da ruwansa a ɗura sabon asid, ko jefa masa ƙwayar magani, yana ɗaga lambar mita na 'yan kwanaki ne kawai, daidai lokacin da za a sayar wa wani.

Me zan yi da tsohon?

Tsohon batir kuɗi ne, domin ana narkar da dalmarsa a sake ƙera wani, kuma diloli da yawa suna karɓarsa su rage farashin sabo. Wannan ita ce hanyar da na fi so, domin yana barin gidan a rufe kamar yadda ya shigo. Abin da ba a yi shi ne fasa shi a tsakar gida, ko narka dalmarsa a tukunya domin nauyin raga ko wani aikin ƙira. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. A can daga dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta fito, amma dalmar ita ce dai wannan da ke cikin batir, kuma ƙurarta idan ta shiga ƙasar tsakar gida tana nan shekara da shekaru, yara masu rarrafe suna kai ta baki, tana taɓa ƙwaƙwalwarsu ba tare da an ga alama da wuri ba.

Idan 'yan gwangwan za a sayar wa, a sayar musu da ruwansa a ciki. Wasunsu sukan so su tuntsurar da asid ɗin a ƙofar gida domin kaya ya yi sauƙin ɗauka, a nan ne kuma awaki suke lasa, kaji suke tono. A ce masa, "Malam, yadda ka gan shi haka za ka tafi da shi." Na litiyam kuma ba a huda shi, ba a jefa shi a bola ko a wuta, dilan da ya sayar da shi ake mayar wa. Kafin mai ɗauka ya zo, a ajiye tsohon a tsaye a inuwa, a rufe kawunansa da salatif, a wurin da hannun yaro ba ya kaiwa.